Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Kunna Wutar Kan Iyaka?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana guda kamar an haɗa baki: rigimar gwamnati da gwamnati a kan yanki, da zancen "mutanenmu da ke tsallaken iyaka". Na zaɓi huɗu daga ciki. Waɗanda suka aiko tambaya kan bashin ƙasashe su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta tarihi. Malaminmu ya ce yaƙe-yaƙen kan iyaka a Afirka duk laifin Turawa ne, domin su suka raba ƙabila ɗaya gida biyu ko uku. In haka ne, ashe maganin shi ne a mayar da kowace ƙabila ƙarƙashin tuta ɗaya? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Turawa sun yanka Afirka ba tare da tambayar kowa ba, wannan ba abin musu ba ne. To amma ɗauko taswira ka ƙirga. Masai suna Kenya suna Tanzaniya. Ewe suna Ghana suna Togo. Bakongo sun watsu a Angola da Kongo biyu. Masu jin yaren Tswana da ke Afirka ta Kudu sun fi dukkan mutanen Botswana yawa. Wanne daga cikin waɗannan ya sa ƙasashen suka fito da tankokin yaƙi? Da raba ƙabila kaɗai ke haifar da yaƙi, da babu iyakar da za ta kwana lafiya a nahiyar nan.

Akwai ƙasa guda da ta gwada maganin da kake tambaya a kai, da gaske ba da baki ba, ita ce Somaliya. Ka duba tutarta: farin tauraro mai tsini biyar a kan shuɗi. Tsinin nan biyar yankuna biyar ne da Somalawa ke zaune: wanda Italiya ta mulka, wanda Ingila ta mulka, Jibuti da ke hannun Faransa, yankin Ogaden a Habasha, da arewa maso gabashin Kenya. Biyun farko sun haɗe a 1960 suka zama Somaliya. Ragowar ukun kuma aka saka su a gaba. In akwai al'ummar da hujjarta ke da ƙarfi, Somalawa ne, don harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, makiyayansu kuma suna ƙetare waɗannan layuka tun kafin a ja su. A 1962 ma Ingila ta tura kwamiti arewacin Kenya ya ji ra'ayin jama'a, akasarin Somalawan wurin suka ce Somaliya suke so, amma aka bar yankin a Kenya. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin da gwamnatin Kenyatta ta laƙaba wa suna Shifta, wato 'yan fashi, daga 1963 zuwa 1967.

Babban gwajin ya zo a Yulin 1977. Ina sauraron labarin a rediyo a lokacin, kuma ba na ɓoye maka, da yawanmu matasa zuciyarmu na tare da Somaliya. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne lokacin da shugaban Somaliya Siad Barre ya zaɓa. Somalawan Ogaden suna ƙarƙashin Habasha tun zamanin Sarki Menelik, wanda ya ci Harar a 1887. Me ya sa sai 1977? Saboda a 1974 sojoji sun kifar da sarkin Habasha Haile Selassie, a Fabrairun 1977 Mengistu ya hau bayan ya kashe abokan mulkinsa, ana zubar da jini a titunan Addis Ababa, 'yan tawayen Eritiriya kuma sun riƙe wa rundunar Habasha wuya a arewa. A gefe guda Tarayyar Sobiyet ta cika wa Barre rumbu da tankoki da jiragen yaƙi. Bango ya tsage, ƙadangare ya ga wurin shiga. Zumuncin yana nan shekara casa'in bai motsa runduna irin wannan ba, raunin maƙwabci ya motsa ta cikin 'yan watanni.

Da farko abin ya yi kyau. Zuwa Satumba sun kama Jijiga, mafi yawan Ogaden ya koma hannunsu, suka doshi Harar. Sai Sobiyet ta juya masa baya ta rungumi Mengistu. A Nuwamba Barre ya kori mashawartan Sobiyet, su kuwa suka yi ta jigilar makamai ta sama zuwa Habasha, Kyuba ta turo sojoji wajen 15,000. A Maris ɗin 1978 aka ƙwace Jijiga, Barre ya janye. Kuma akasarin ƙasashen Afirka ba su tsaya masa ba, domin tun Yulin 1964 a Alƙahira shugabannin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU suka yanke cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun 'yanci. Somaliya da Maroko ne suka ƙi. Sauran ba son layin Turawa suke yi ba, kowanne ya san in aka buɗe wannan ƙofa, tasa ƙasar ma akwai mai jiran yanki daga cikinta.

Yanzu ka bi sawun abin da ya faru bayan nan, don nan ne amsarka take. Wata guda da janyewa, a Afrilun 1978, wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki. Barre ya kashe wasu daga cikin waɗanda ya kama, ya huce a kan danginsu. Waɗanda suka tsira suka gudu, ina? Habasha, wurin abokin gabar jiya, Mengistu ya ba su masauki da bindigogi. A 1988 jiragen gwamnatin Somaliya suka yi luguden wuta a kan Hargeisa, birnin Somalawa. A Janairun 1991 Barre ya tsere daga Mogadishu, a Mayun shekarar kuma arewa ta ce ta ɓalle da sunan Somaliland. Jibuti kuwa da ta samu 'yanci a Yunin 1977, zamanta ta yi ita kaɗai. Mutumin da ya fita haɗa tsini biyar ya dawo biyun da ke hannunsa ma sun rabu. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya kamata ka tambayi malaminku shi ne wannan: a ina ƙabila take ƙarewa? Da aka ce Somalawa ɗaya ne, ana shiga ciki sai ga Darod, ga Hawiye, ga Isaaq, kowanne da rassansa. Duk layin da ka ja domin ka tara wasu, ka bar wasu tsiraru a cikinsa, su ma gobe su nemi nasu layin.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sha jin masana suna cewa gwamnatoci fakewa kawai suke yi da ƙabilanci. Amma in ana zaluntar 'yan'uwanka a ƙasar maƙwabta, ana hana su yarensu ana korarsu daga gonakinsu, sai ka naɗe hannu don kada a ce ka taɓa iyaka? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, tambayarki ta fi ta kowa nauyi, kuma ba zan ce miki zaluncin ƙage ne ba. Sau da yawa yana nan, a fili. Mutanen Ogaden sun sha wuya a hannun gwamnatocin Habasha, da ta sarki da ta soja. Abin da nake dubawa shi ne me mai kukan yake nema. In dai mutanen ne damuwarsa, za ki ji yana maganar makarantarsu da kotunsu da 'yancin gudanar da harkokinsu, in aka ba su kuma ya yi shiru. In ƙasar yake so, duk abin da aka ba su sai ya ce bai isa ba.

A 1938 Hitler ya yi ta kururuwa a kan Jamusawa wajen miliyan 3 da ke yankin Sudeten na Cekoslobakiya. Suna da ƙorafe-ƙorafe na gaske. A Satumba, a taron Munich, Ingila da Faransa suka miƙa masa yankin. Wata shida bayan nan, a Maris ɗin 1939, sojojinsa suka shiga birnin Prag, inda akasarin jama'a ba Jamusawa ba ne. An fake da guzuma an harbi karsana. Da aka gama yaƙin a 1945, waɗanda aka ce an zo ceto su aka tattara aka kora daga garuruwan da kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai a irin wannan rigima: da zarar gwamnatin waje ta ce ita ce uwarku, gwamnatin gida ta fara yi muku kallon 'yan leƙen asiri, kuma in uwar ta gaji ko ta sha kashi, ku ne a hannu. Armeniyawan Nagorno-Karabakh, wani yanki a cikin Azarbaijan, sun riƙe yankin tun 1994 da goyon bayan Armeniya. A 2020 Azarbaijan ta ƙwace babban ɓangare a yaƙin kwana 44, a Satumban 2023 ta ƙarasa, mutum sama da 100,000 suka fice cikin 'yan kwanaki, kusan babu wanda ya rage.

Ga ɗaya hanyar. Tsibiran Aland mutanensu yaren Suwidin suke yi, kuma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun nemi a haɗe su da Suwidin. A 1921 Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta ce su zauna a Finlan, amma da majalisarsu, da yarensu a makaranta da ofis, kuma ba a girke soja a tsibiran. Suwidin ba ta ji daɗi ba, ta haɗiye. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, yarensu yana nan, gidajensu suna nan. Don haka ban ce a naɗe hannu ba, Malama. Akwai matsin lamba, akwai kai ƙara gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai ciniki. Runduna ce nake shakka, don na duba ban ga wurare da yawa da ta bar waɗanda ta je ceto a hali mafi kyau ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni tsohon soja ne. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne yadda ake kashe dubban samari a kan ɗan ƙauyen da ko rijiyar mai babu. In ba arziki a wurin, kuma in mutanen ɓangarorin biyu 'yan'uwa ne, to me ake yi wa? Daga wani tsohon saja.

Amsa: Yallaɓai, kamar Badme kake nufi, ko da ba ka kira sunanta ba. Ƙaramin gari ne mai ƙura a kan iyakar Eritiriya da Habasha. Wannan yaƙi kuwa yana rusa tunanin cewa bambancin ƙabila ne tushen komai, domin shugabannin ƙasashen biyu a lokacin, Isaias Afwerki na Eritiriya da Meles Zenawi na Habasha, yare ɗaya suke ji, Tigrinya, kuma ƙungiyoyinsu kafaɗa da kafaɗa suka kori Mengistu a 1991. Da Eritiriya ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1993, gwamnatin Meles na cikin na farko da suka amince da 'yancinta. Saboda amincin da ke tsakani, ba wanda ya damu a kafa turakun iyaka. Wa zai tsaya auna fili da ɗan'uwansa?

Ruwa ba ya tsami banza. Ɓallewar Eritiriya ta bar Habasha ba teku, akasarin kayanta sai ta tashar Assab da ke Eritiriya. A Nuwamban 1997 Eritiriya ta fito da kuɗinta, nakfa, Habasha ta ce to daga yau babban ciniki sai da dala. Kasuwanci ya tsaya, zukata suka yi tsami. Ga kuma tsohon raini tun daga daji, na wane ne yaya wane ne ƙane tsakanin ƙungiyoyin biyu. A farkon Mayun 1998 aka yi 'yar arangama kusa da Badme, aka kashe wasu sojojin Eritiriya, bayan 'yan kwanaki tankokinta suka shiga garin. Daga nan kowa ya rasa hanyar ja da baya. Meles yana da masu zarginsa a gida cewa shi ya sallama Eritiriya da tashoshin ruwa, in ya yi sanyi sun samu abin faɗa. Isaias kuwa ya gina mulkinsa a kan cewa shekara 30 aka yi ana yaƙi domin kowane taku na ƙasar. Kai da ka sa kaki ka fi ni sanin abin da ke biyo baya: da an binne sahun farko, wurin ya zama kabarin abokai, duk wanda ya ce a bari sai a tambaye shi, to su waɗannan a banza suka mutu?

Shekara biyu aka yi a ramuka ana tura samari cikin nakiyoyi, dubun-dubata suka mutu. Habasha ta tattara dubban mutane masu asalin Eritiriya, wasu a Addis Ababa aka haife su, ta tsallakar da su iyaka. Ka ga a nan yaƙin ne ya ƙirƙiri baƙo daga cikin maƙwabta. An sa hannu a Aljiyas a Disamban 2000, hukumar shata iyaka ta duba yarjejeniyoyin Habasha da Italiya, wadda ta mulki Eritiriya, na 1900 da 1902 da 1908, a Afrilun 2002 ta ce Badme ta Eritiriya ce. Habasha ta ƙi fita. Shekara 16 aka yi babu yaƙi babu zaman lafiya, kuma wannan zaman ya yi wa Isaias rana, don da shi ya kafa hujjar riƙe matasa a aikin soja marar wa'adi. A Yunin 2018 sabon firaministan Habasha Abiy Ahmed ya ce ya karɓi hukuncin, aka rungumi juna a Asmara, aka ba shi kyautar Nobel a 2019. A Nuwamban 2020 kuma sojojin Eritiriya suka shiga yankin Tigray na arewacin Habasha suna taya Abiy yaƙar jam'iyyar marigayi Meles. Masu yare ɗayan nan dai.

Tambaya: Malam, shin Kotun Duniya tana duba su wane ne ke zaune a wuri kafin ta yanke hukunci? Na tuna maganar Bakassi, an ce mazaunan 'yan Najeriya ne amma aka ba Kamaru. Daga wani mai sauraron labarai.

Amsa: Ɗan'uwa, tana dubawa, amma sai in babu takarda. In akwai yarjejeniya, ita ke gaba da kowa. Kamaru ta kai ƙara birnin Heg a 1994 bayan an yi ta musayar wuta a tsibirin. Najeriya ta ce masuntan wurin mutanenta ne, Efik da maƙwabtansu, ita ke karɓar haraji ita ke gina makarantu, kuma ƙasar ta sarakunan tsohuwar Kalaba ce, waɗanda a 1884 kariya kawai suka nema daga Ingila, ba su ba ta ikon kyautar da ƙasarsu ba. Kamaru ta ajiye yarjejeniyar Ingila da Jamus ta Maris ɗin 1913 wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus, ta ƙara da sanarwar Marwa ta 1975 da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu kan iyakar ruwa. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta bi takarda.

Ni a raina hujjar Najeriya ta fi kama da adalci, amma na gane dalilin alƙalan. In aka ce yawan mazauna ke ba da ƙasa, kowace gwamnati sai ta tura mutanenta su tare a gefen maƙwabci, bayan shekara ashirin ta zo da ƙidaya. Hukuncin nan ma ya taɓo irin haka a tafkin Cadi. Da ruwa ya yi ta ja da baya, masunta suka bi shi suna kafa ƙauyuka irin su Darak a busasshen ƙasan tafkin, hukumomin Najeriya suka bi su da 'yan sanda da makarantu, alhali sun riga sun ƙetare layin da aka ja tun zamanin Turawa. A ƙarshen 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka kimanin 30 a wannan yanki.

Kotun ba ta da soja ko ɗaya, hukuncinta sai wanda aka kayar ya yarda. Obasanjo ya sha zagi a gida, amma ya zauna da Paul Biya ƙarƙashin Kofi Annan suka sa hannu a Greentree da ke Amurka ranar 12 ga Yunin 2006, aka janye sojoji, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agustan 2008 zamanin 'Yar'aduwa. Yarjejeniyar ta ce mazauna su zauna da 'yancinsu na zama 'yan Najeriya ba mai korarsu, amma da yawa sun tashi, kuma maganar sake tsugunar da su ta daɗe tana jan ƙafa. Libiya ma ta fice daga zirin Awzu a 1994 bayan kotun ta ba Cadi, sai dai ita sai da ta sha kashi a fagen daga a 1987.

Wanda nake yawan ba ɗalibai shi ne na Mali da Burkina Faso a kan zirin Agacher, da ake raɗe-raɗin akwai ma'adinai a ƙarƙashinsa. Ƙarar tana gaban kotu tun 1983. A Disamban 1985 ma'aikatan ƙidayar Burkina suka shiga wasu ƙauyukan da ake taƙaddama a kansu, Mali ta ce an taka ta, ranar Kirsimeti Musa Tarawore na Mali da Thomas Sankara na Burkina suka gwabza na 'yan kwanaki, har da jiragen sama. Shekara guda bayan nan, ranar 22 ga Disamban 1986, alƙalai suka tono takardun gwamnonin Faransa da tsofaffin taswirori, suka raba zirin kusan biyu daidai, yamma ga Mali gabas ga Burkina, shugabannin biyu kuma kowanne ya aika wa kotun saƙon cewa ya karɓa.